Filin Tambaya da Amsa: Kwana Shida na Farawa da Shekaru Biliyan na Kimiyya

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin duwatsu da ƙasa. Tun ina ƙarami a makarantar Lahadi aka koya mana Allah ya yi duniya cikin kwana shida kuma wai duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, to yanzu a lakca sai a ɗauko dutse a ce wannan ya kai shekara miliyan kaza, kuma gaskiya Malam hujjojinsu ba na wasa ba ne dan na bi lissafin da kaina. Abin ya fara damuna har addu'a ma ba na iya yi yadda na saba, ji nake kamar dole in zaɓi ɗaya, ko Littafi Mai Tsarki ko karatuna. Dan Allah a taimake ni. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka ce ka bi lissafin da kanka, haka ya kamata mai neman ilimi ya yi. Bari in fara sauke maka wani kaya da ka ɗauka wanda ba naka ba ne. Wannan shekara dubu shidan da ake ta faɗa babu ayar da ta faɗe ta, ka buɗe tun daga Farawa har Wahayin Yahaya ba za ka ga inda aka rubuta shekarun duniya ba. Wani babban bishop ne na ƙasar Ailan mai suna James Ussher, a 1650 ya zauna ya tattara shekarun zuriyar da ke Farawa 5 da 11 da na sarakuna ya haɗa da tarihin wasu dauloli, sai ya fitar da cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Mutum ne mai ilimi sosai a zamaninsa kuma da kyakkyawar niyya ya yi, amma daga baya masu buga Baibul na Turanci suka riƙa sa lissafin nasa a gefen shafi, mutane suka yi ta gani har suka ɗauka shi ma nassi ne. Kuma lissafin ya tsaya ne a kan cewa jerin zuriya ba ya tsallake kowa, alhali Littafin da kansa ya nuna mana marubutansa suna tsallakewa. Duba Matiyu 1:8, daga Yoram sai ya wuce kai tsaye zuwa Uzziya, ya bar Ahaziya da Yowash da Amaziya, sarakuna uku cur waɗanda labarinsu yana nan a 2 Sarakuna.

Su kuma malamanka ba ƙarya suke maka ba. Abin da ya sa ni na gamsu shi ne ba ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi ba, ma'aunai ne daban daban da ba su dogara da juna ba kuma duk suka nuna waje ɗaya. Sinadarin yuraniyam 238 yana rikiɗewa a hankali ya koma dalma, rabinsa yana ƙarewa a cikin kusan shekara biliyan 4.5, da irin wannan agogon ne Clair Patterson a 1956 ya auna duwatsun da suka faɗo daga sama ya samu cewa duniya ta kai kusan shekara biliyan 4.55, kuma har yau an yi ta maimaitawa lissafin bai gusa sosai ba. A Ostireliya an samu ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zirkon da suka kai shekara biliyan 4.4. A Antatika an haƙa ƙanƙara an zaro ta, tana ɗauke da tarihin yanayi na shekara 800,000. Sai kuma haske, wanda ni shi ya fi taɓa ni. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, na rana yana iso mu cikin minti 8 da ɗoriya, amma tarin taurarin nan Andiromeda da ake iya hangowa da ido a dare mai duhu haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya shiga idonka. A 1987 masu duban sama sun ga wani tauraro ya tarwatse, nisansa kusan tafiyar haske ta shekara 168,000. Wasu 'yan'uwa sukan ce ai Allah ya halicci hasken ne yana kan hanya, to in haka ne kenan Allah ya nuna mana tarwatsewar tauraron da bai taɓa wanzuwa ba, ni kam ba zan iya jingina wa Allah wannan ba, Titus 1:2 ta ce shi ba ya ƙarya, kuma Zabura 19 ta ce sammai ɗaukakarsa suke shela, shelar gaskiya suke yi.

Yanzu mu koma Farawa 1 ɗin kanta, ka karanta a hankali kamar yau ka fara ganinta. A rana ta nawa aka yi rana da wata da taurari? Ta huɗu. Amma an riga an ce ga maraice ga safiya har sau uku kafin nan. Wannan tambayar ba 'yan kimiyyar yanzu suka fara yin ta ba, Orijen na Iskandariya a ƙasar Masar wanda ya rayu a ƙarni na 3 ya riga ya tambaya wane mai hankali ne zai ɗauka an yi kwana na ɗaya da na biyu da na uku irin namu babu rana babu wata. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya daɗe yana fama da wannan surar, shi a ganinsa ma a lokaci guda Allah ya halicci komai, kwanakin kuma tsari ne da aka bi dan mu iya ganewa. Waɗannan mutanen ba su taɓa jin sunan Darwin, masanin da ya yi suna da ra'ayin juyin halitta, ba, ba tsoron lakcara ya sa suka faɗi haka ba, nassin ne da kansa ya ja hankalinsu. Agustin har gargaɗi ya yi, ya ce abin kunya ne kuma da haɗari wanda ba mai bi ba ya ji Kirista yana faɗin shirme a kan sama da ƙasa da taurari yana cewa daga Littafi ya samo, domin in ya kama mu da kuskure a abin da ya sani sarai ta yaya zai yarda da mu a batun tashin matattu.

Ka kuma lura da yadda aka jera kwanakin. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa kuma babu kowa a cikinta. Kwana uku na farko sai aka ba ta siffa, aka raba haske da duhu, aka raba ruwan sama da na ƙasa, aka fito da sandararriyar ƙasa, kwana uku na biyun kuma aka cika kowanne da mazaunansa, rana da wata ga haske da duhu, tsuntsaye da kifaye ga sarari da teku, dabbobi da mutum ga ƙasa. Na ɗaya da na huɗu, na biyu da na biyar, na uku da na shida, suna kallon juna. Rana ta bakwai kuwa ba a ce mata ga maraice ga safiya ba, kuma Ibraniyawa 4 tana magana kamar har yanzu ƙofar wannan hutun a buɗe take. Wanda ya tsara rubutu haka yana koyar da wani abu ne mai girma ga mutanen da ke kewaye da al'ummai masu bauta wa rana da wata. Mutanen Babila suna da nasu labarin, alloli sun yi yaƙi an tsaga gawar ɗaya an yi sama da ƙasa, aka yi mutum dan ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. Farawa ta zo ta ce Allah ɗaya ne, da magana kawai ya yi komai, rana da wata fitilu ne da ya rataya ko sunansu ma ba a kira ba sai babban haske da ƙaramin haske, abin da ya yi yana da kyau, mutum kuma namiji da mace cikin siffarsa aka yi su. Wannan saƙon makiyayi na shekara dubu uku da suka wuce ya gane shi, kai ma mai karanta ilimin duwatsu ka gane shi, da da lissafin yuraniyam aka rubuta da babu wanda zai amfana sai 'yan zamaninmu.

John Kalbin ma, ɗaya daga jagororin gyaran ikilisiya, a sharhinsa na Farawa ya lura cewa masana taurari sun nuna duniyar Satun ta fi wata girma nesa ba kusa ba, amma Musa ya kira wata ɗaya daga manyan haskoki biyu, sai ya ce Musa ya yi magana ne yadda talaka yake ganin abu da idonsa, mai son ilimin taurari ya je ya nema a wani wuri. Kuma ikilisiya ta taɓa ƙonewa a irin wannan, a 1633 aka hukunta Galileo, masanin taurari ɗan ƙasar Italiya, saboda ya ce duniya ce ke zagaya rana, ana kafa hujja da Joshuwa 10 da zaburar da ta ce duniya ta kafu ba za ta jijjigu ba. Yau wane fasto ne yake wa'azi cewa duniya a tsaye take? Ayoyin suna nan yadda suke, fahimtarmu ce aka gyara. Saboda haka ɗana ka koma aji ka yi karatunka da kyau, ka koma addu'arka, dutsen da kake aunawa aikin hannun wanda kake yi wa addu'ar ne.

TAMBAYA: Malam wai gaskiya ne Big Bang, wato ra'ayin cewa sararin samaniya yana da mafari kuma tun daga nan yake ta buɗewa, marasa addini ne suka ƙirƙiro shi dan su kawar da Allah? Daga wani matashi.

AMSA: A'a ɗana, wanda ya fara kawo wannan tunanin ma limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, masanin lissafi da fiziks. A 1927 ya nuna sararin samaniya yana buɗewa, a 1929 Edwin Hubble ya fitar da awon da ya goyi bayan haka, a 1931 Lemaître ya ce in ana buɗewa to in ka koma baya akwai mafari. Wasu masana a lokacin ba su so maganar ba dan tana musu kama da wa'azi, Fred Hoyle wanda ya laƙaba sunan Big Bang a 1949 shi adawa yake da ita. Sai a 1965 wasu masana biyu, Penzias da Wilson, suka sanar da gano ragowar ɗumin wancan mafarin yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama, yanzu lissafi ya tsaya a kusan shekara biliyan 13.8. Amma ka kula, lokacin da Fafaroma Pius na 12 a 1951 ya yi magana kamar kimiyya ta tabbatar da Farawa, Lemaître ɗin bai ji daɗi ba, dan ba ya so a ɗaura bangaskiya a jikin wata ka'idar fiziks da gobe za a iya yi mata gyara. Ina ganin yana da gaskiya.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. 'Yata tana sakandare, ta dawo ta ce a bayoloji an koya musu mutum daga biri ya fito, ni kuma na ce mata kar in sake jin wannan maganar a bakinta, tun daga ranar ta daina tambayata komai game da Baibul. Na yi daidai kuwa? Kuma ina Adamu da Hauwa'u a wannan zancen? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa na san ƙauna ce ta sa kika yi haka, amma dan Allah ki kira ta ki ce ta dawo da tambayar, yaron da aka rufe wa baki a gida zai je ya tambaya a inda ba a damu da bangaskiyarsa ba. Sannan abin da masana ke faɗa ba wai birin da kike gani yau ya rikiɗa ya zama mutum ba ne, cewa suke mu da babban birin nan cimfanzi mun haɗa kaka ɗaya kusan shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowa ya bi reshensa. Tun da Darwin ya fitar da littafinsa a 1859 hujjoji sai ƙaruwa suke. A Habasha a 1974 an tono ƙasusuwan wata halitta da aka sa wa suna Lucy mai shekara miliyan 3.2 wadda take tafiya da ƙafa biyu, a Maroko an samu ƙasusuwan irinmu na kusan shekara 300,000. A cikin jikinmu ma akwai shaida, mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, guda 23 bibbiyu, cimfanzi yana da 24, da aka duba mai lamba 2 a namu sai aka ga alamar inda guda biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Francis Collins wanda ya jagoranci babban aikin karanta DNA na ɗan Adam da aka kammala a 2003 Kirista ne mai bi sosai, kuma ya yarda da juyin halitta, wato cewa masu rai suna sauyawa a hankali wasu su fito daga wasu.

Ki tambayi 'yarki wannan, wa ya yi ki? Za ta ce Allah. Zabura 139 ta ce shi ya harhaɗa ta a cikin cikinki. To amma ke kin san wata tara kika yi, likita zai iya gaya miki makon da zuciyarta ta fara bugawa da yadda ƙwaya ɗaya ta rarrabu ta zama yatsu da idanu, shin wannan bayanin ya ƙwace wa Allah aikinsa? Ko kaɗan. Allah yana aiki ta hanyoyin da shi ya kafa, Farawa 1:24 ma cewa ta yi bari ƙasa ta fid da masu rai, aya ta gaba kuma ta ce Allah ne ya yi su, duka biyun a jere babu faɗa. Darajar mutum ba daga kayan da aka yi jikinsa da shi ta zo ba, Farawa 2:7 ta ce daga ƙurar ƙasa ne, darajar tana cikin numfashin da Allah ya hura da siffarsa da ya ba mu, kuma wannan babu madubin ɗakin gwaji da zai gan shi balle ya ƙaryata shi.

Batun Adamu shi ne wurin da ya fi wuya, ba zan rufe miki ba. Bulus a Romawa 5 da 1 Korantiyawa 15 ya sa Adamu da Almasihu gefe da gefe, masana ƙwayoyin gado kuma suna cewa bambancin da ke tsakanin mutane yau yana nuna kakanninmu dubbai ne. Malamai masu riƙon Littafi irin su Derek Kidner da John Stott sun kawo cewa zai yiwu Allah ya ɗauki mutum biyu na gaske a wani lokaci na tarihi ya bayyana musu kansa ya sa su wakilan dukan 'yan Adam, faɗuwarsu ta shafi kowa. Ni nan na fi karkata, dan Farawa 4 da kanta ta nuna Kayinu yana tsoron kada wanda ya same shi ya kashe shi, ya yi aure, har gari ya gina, kamar dai akwai wasu mutane a wajen. Wasu kuma suna ɗaukar Adamu a matsayin hoton dukanmu. Cocin Katolika tun 1950 ta ba da damar a bincika asalin jikin mutum muddin an riƙe cewa kurwa daga Allah take kai tsaye, a 1996 kuma Fafaroma John Paul na 2 ya ce juyin halitta ya wuce a kira shi zato kawai. Game da mutuwa, Romawa 5:12 mutane ta ambata, ba ta ce zaki bai taɓa cin nama ba, Zabura 104 ma cewa ta yi zakoki suna ruri suna neman abincinsu daga wurin Allah. Ki zauna da ita ku karanta waɗannan wuraren tare.

TAMBAYA: Malam da girmamawa, ni ban yarda da masu irin wannan ra'ayin ba. Fitowa 20:11 ta ce cikin kwana shida Ubangiji ya yi sama da ƙasa. In muka ce kwana ba kwana ba ne, gobe sai a ce tashin Yesu ma misali ne. Daga wani dattijon ikilisiya.

AMSA: Baba na gode, kuma tsoron da kake ji ina girmama shi dan akwai waɗanda da gaske suka bi wannan gangaren. Fitowa 20:11 ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenku. Amma a duba Fitowa 31:17, wadda ta maimaita maganar ta ƙara da cewa a rana ta bakwai Allah ya huta ya wartsake, alhali Ishaya 40:28 ta ce ba ya gajiya. Kenan Allah yana kwatanta aikinsa da makon ma'aikaci ne dan Isra'ila su yi koyi, su yi aiki shida su huta ɗaya, kamar yadda ƙasa ma aka ce a nome ta shekara shida a bar ta ta bakwai. Tashin Almasihu kuwa da wani irin rubutu aka kawo shi, an ambaci sunayen shaidu, an ambaci Bilatus, Bulus ya ce fiye da mutum 500 sun gan shi kuma yawancinsu suna da rai lokacin da yake rubutu. Babu wani awo da aka yi da ya ƙaryata wannan, mutanen ƙarni na farko ma sun san matattu ba sa tashi shi ya sa abin ya zama al'ajabi. Shekarun duniya kuwa abu ne da aka auna ta hanyoyi da yawa.

Kuma Baba, B. B. Warfield, malamin tauhidi na Princeton a Amurka, wanda da wuya a samu wanda ya fi shi kare cewa Littafi ba shi da kuskure, bai ga juyin halitta a ƙarƙashin ikon Allah a matsayin abin da ya rushe nassi ba. Ƙarfin da ra'ayin cewa duniya shekarunta 'yan dubbai ne kawai ya yi a zamaninmu ya biyo bayan wani littafi ne kan ruwan tsufana da Whitcomb da Morris suka fitar a Amurka a 1961. Shaidar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a 325 ta ce mun gaskata da Allah mahaliccin dukan abubuwa, ba ta sa adadin kwanaki a matsayin sharaɗi ba. Ni ba na cewa mai riƙe kwana shida na awa 24 ba mai bi ba ne, roƙona kawai kada a ce wa yaranmu masu karatun kimiyya in ba su riƙe haka ba sun fita daga bangaskiya, muna rasa su a kan abin da Allah bai ɗora musu ba. Haka shi ma lakcaran da zai tsaya a aji ya ce kimiyya ta nuna babu Allah, ya bar abin da ya auna ya shiga faɗin ra'ayinsa, ɗalibi yana da 'yancin ya tambaye shi da ladabi wane gwaji ne ya nuna hakan.

TAMBAYA: Malam su dainoso fa, sun shiga jirgin Nuhu? Daga wata ɗaliba.

AMSA: A'a 'yata, manyan dainoso, waɗannan ƙattin dabbobin zamanin da, sun ƙare kusan shekara miliyan 66 da suka wuce, bayan wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a yankin da yanzu yake ƙasar Meziko, tun kafin a yi mutum da nisa sosai, shi ya sa ba a samun ƙashinsu da na mutum a shimfiɗar dutse ɗaya. Dabbar nan Behemot ta Ayuba 40 da wasu ke cewa dainoso ce, masu sharhi da yawa suna ganin dorina ce, tunda an ce tana kwanciya cikin iwa da fadama kuma ba ta tsoron kogi in ya cika. Amma reshe ɗaya na dainoso bai ƙare ba, masana sun nuna tsuntsaye daga cikinsu suka fito, saboda haka hankakan da kurciyar da Nuhu ya saki daga jirgi danginsu ne.